KAFIN KA ƘARA WA INJIN MOTARKA ƘARFI

Duk wanda ke zaune a Nima ko Sabon Zango a Akra, ko kuma Aboabo da Asawase a Kumasi, ya saba da ƙarar motocin samari idan dare ya yi. A da kwalliyar mota ba ta wuce fenti da tayoyi masu faɗi da kayan kiɗa ba. Yanzu kuwa abin ya shiga cikin inji. Samarinmu da dama, musamman waɗanda 'yan uwa ke aiko wa da mota daga Amurka ko Jamus, suna son a ce motarsu ta fi ta kowa tashi, kuma suna kashe dubban sidi wajen sayen kayan ƙara ƙarfi, wasu a Abossey Okai, wasu a Magazin na Suame, wasu kuma su yi oda ta intanet.

Ba mu ga laifin mai son motarsa ta yi lafiya ba. To amma fa kusan duk waɗannan kaya an ƙera su ne a ƙasashen da mansu da yanayinsu da hanyoyinsu suka sha bamban da namu. Abin da ya yi wa mota daidai a Kalifoniya yana iya narkar da fistin a kan hanyar Tamale. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin yadda ake zaɓen kayan nan, da abin da ya kamata a fara saye, da wanda ya kamata a bar wa mai shi a kanti.

Daga ina ƙarfi yake zuwa?

Injin fetur abu uku yake bukata: iska, da mai, da wutar fulogi a daidai lokacinta. Gwargwadon iskar da ta shiga silinda, gwargwadon man da za a iya ƙonawa, gwargwadon ƙarfin da zai fito. Idan mota na tafiyarta a hankali, ana haɗa kilo 14.7 na iska da kilo 1 na fetur. Idan aka taka totur har ƙasa, musamman a inji mai turbo, sai a ƙara mai, awon ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, domin rarar man nan ita ke sanyaya cikin silinda.

A zamanin kafireta makanike da sukundireba da kunnensa yake wannan saiti. A motocin yanzu kwamfuta ce ke yi, wadda makanikanmu ke kira kontrol bod. Ita ke karɓar rahoto daga sensa-sensa, ta yanke yawan man da injekta za ta fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ke nan duk wani ƙarfe da mutum zai ɗaura wa inji, idan kontrol bod ba ta san da zuwansa ba, ko dai ya zama ado kawai, ko kuwa ya zama sanadin ɓarna.

Wace irin mota ce a hannunka?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma amsarta za ta hutar da mutane da yawa daga asara. Bari mu ɗauki motoci biyu da suka cika titunanmu.

Ta farko Toyota Corolla mai inji 1.8, irin wadda ake kawowa daga Amurka, mai ƙarfin doki 132. Ba ta da turbo, wato iskar da take samu ita ce wadda fistin ya zuƙo da kansa. Ko an canza mata matatar iska, an sa mata babbar salansa, an kuma taɓa kontrol bod, abin da za ta ƙaru da shi 'yan dawaki ne ƙalilan, waɗanda direba ba zai ji su a jikinsa ba. Abin da zai ƙaru sosai shi ne ƙara. Mai irin wannan mota idan yana son ta yi zafi, ya sa mata fulogi na asali, ya wanke injekta, ya sa tayoyi masu kyau, ya adana sauran kuɗinsa. Ana iya ɗaura wa inji irin wannan turbo, amma aikin yana cin sababbin injekta da famfon mai da kwamfuta da saiti mai tsawo, wani lokaci har da fistin, ta yadda sayar da motar a sayi mai turbo tun daga kamfani ya fi sauƙi.

Ta biyu Honda Civic mai inji 1.5 da turbo, wadda ta fito a 2016 da ƙarfin doki 174. A 2017 kamfanin ya fitar da samfurin da ake kira Si, injin mai girma ɗaya ne, amma yana ba da doki 205. Babban bambancin shi ne matsin iskar da turbo ke turawa: na farko yana kaiwa fam 16.5, na Si kuwa fam 20.3. Wannan ya nuna mana cewa a inji mai turbo akwai ƙarfin da ke kwance, wanda canza lissafin kwamfuta kaɗai zai iya tayar da shi. Shi ya sa masu Civic da Golf GTI da Subaru da BMW masu turbo su ne ke cin moriyar wannan harka. To amma a lura da abu guda: Si da giyar hannu kaɗai aka fitar da ita, alhali yawancin Civic ɗin da ke shigowa Tema masu giyar CVT ne, wadda ke aiki da bel na ƙarfe. Irin wannan giya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma idan ta lalace gyaranta ya fi kuɗin duk kayan da aka sa wa motar.

Hanyoyi uku na taɓa kontrol bod

Hanya ta farko ita ce a sake rubuta lissafin da ke cikin kontrol bod ta asali. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD-II, Turai kuma ta wajabta irinta ga motocin fetur a 2001. Ta wannan kafa ake jona na'urori irin su Hondata FlashPro da KTuner ga motocin Honda, ko Cobb Accessport ga Subaru da Volkswagen da wasunsu. Amfanin wannan hanya shi ne duk matakan tsaron da kamfani ya sa suna nan, na'urar sanyi da giya da makulli duk suna aiki yadda suka saba, kuma ana iya mayar da motar kan lissafinta na asali. Ga mafi yawan masu karatunmu wannan ita ce hanyar da ta dace.

Akwai abu biyu da za a kiyaye a nan. Na ɗaya, kowace na'ura tana da jerin kontrol bod ɗin da take ganewa, saboda haka a duba lambar da ke jikin ta motarka a gwada da jerin kamfanin kafin a biya kuɗi, domin Civic ta Amurka da ta Dubai ba lalle ne su zama ɗaya ba. Na biyu, waɗannan na'urori suna kulle kansu da motar da aka fara sa musu. Masu harkar kan ce na'urar ta yi aure. Wanda ya sayi hom-yus ɗin da ba a raba aurenta da tsohuwar mota ba, ya sayi abin da ba zai yi masa aiki ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙaramin akwatin da ake goya wa kontrol bod, a jona shi tsakaninta da sensa. Aikinsa shi ne ya canza rahoton da ke zuwa mata, misali ya nuna mata matsin turbo bai kai yadda yake ba, ita kuma ta ƙara. JB4 na Amurka da RaceChip na Jamus da Unichip na Afirka ta Kudu duk daga wannan dangi suke. Suna da sauƙin sawa da cirewa, kuma suna da amfani ga motar da aka kulle kontrol bod ɗinta. Rauninsu shi ne kwamfutar motar tana aiki da labarin da ba na gaskiya ba. A motocin dizal irin su Hilux, akwatunan araha ba abin da suke yi illa ƙara matsin mai, sakamakon haka sai baƙin hayaƙi da mutuwar injekta.

Hanya ta uku ita ce a cire kontrol bod ta asali ɗungum a sa wata mai zaman kanta, kamar Haltech da MoTeC na Ostireliya ko Link ta Niyuzilan. Wannan ta dace da wanda ya ɗauko injin wata mota ya sa wa wata, irin aikin da gwanayen Magazin suka shahara da shi, ko wanda ya ɗaura turbo a injin da bai zo da shi ba, ko motar tsere. Sau da yawa tana zuwa ne ba tare da lissafin injinka ba, sai gwani ya zauna ya gina shi tun daga tayar da mota da safe har zuwa gudu na ƙarshe. A motar zamani kuwa, wadda kwamfutocinta ke magana da juna, cire ta asali na iya kashe agogon gudu da na'urar sanyi da giya mai canza kanta. Wanda ke zuwa aiki da motarsa kullum ba shi da bukatar wannan.

Sai kuma jabu. Akwai wasu 'yan ƙananan akwatuna masu launin ja ko ruwan ɗorawa da ake sayarwa da araha, a ce a cusa su a kafar OBD su ƙara ƙarfi su kuma rage shan mai. A 2017 masu bincike na wani kamfanin Faransa mai suna Quarkslab sun farke ɗaya daga cikinsu, mai suna Nitro OBD2, suka tarar ba ya magana da motar ko kaɗan, fitilu ne kawai ke ƙyaftawa a ciki. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Lambar mai, inda tarkon yake

Idan akwai abu guda da muke so mai karatu ya riƙe, to wannan ne. Idan matsi da zafi suka yi yawa a silinda, ragowar fetur kan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Ana jin wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Wannan fashewa ita ce ke fasa bakin fistin, ta karya ringi, ta ƙone gasket. Lambar okten da ake rubutawa a famfon gidan mai tana nuna juriyar fetur ga wannan fashewa.

Matsalar ita ce Amurka da Gana ba da mudu ɗaya suke awo ba. Mu a nan da awon RON muke aiki, kamar Turai. Fetur ɗinmu na yau da kullum lamba 91 ne, manyan gidajen mai kuma suna sayar da mai lamba 95. Amurka kuwa tana da nata lissafi, wanda lambarsa ke fitowa ƙasa da tamu da kamar maki 4 zuwa 5. Man da suke kira 87 shi ne kusan 91 ɗinmu. Wanda suke kira 91 shi ne kusan 95 ɗinmu. Wanda suke kira 93 kuwa ya yi daidai da 98 a awonmu.

To ka ga saurayi zai sayo na'ura daga Amurka, ya ga lissafin da aka rubuta wa 93, ya ce ai ni 95 nake sha, na ma wuce. Alhali bai kai ba. Wanda ke shan 95 a Gana, lissafin 91 na Amurka shi ne iyakarsa. Kuma daga ranar da aka saita mota a kan 95, ta rabu da man 91 ke nan. Sai mutum ya tambayi kansa: idan na kama hanyar Yendi ko Bawku zuwa biki ko ta'aziyya, ina zan sami 95? Wanda ke yawan tafiya arewa ya nemi na'urar da ke riƙe lissafi biyu, ya koma kan mai sauƙin kafin ya bar gari.

Wasu kan dogara da 'yan kwalaben ƙara okten da ake zubawa a tanki. Da yawa daga cikinsu sinadarin manganis ne a ciki, wanda ke barin jan ƙasa-ƙasa a bakin fulogi da sensa. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da masu motoci, musamman masu turbo, suka yi ta kukan mota na fizga kuma fulogi na mutuwa da wuri, har hukumar man fetur ta ƙasa, NPA, ta danganta abin da yawan manganis a cikin fetur, ta kuma ɗauki matakin rage iyakarsa daga miligiram 18 zuwa 6 a kowace lita. Babu hikima mutum ya sayi abin da hukuma ke ƙoƙarin ragewa ya zuba da hannunsa.

Zafi da ƙura

Iska mai zafi ba ta da nauyi. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage nauyin iska da kamar kashi 3 cikin 100, kuma yana kusantar da inji ga fashewar da muka ambata. Turbo kansa yana dafa iskar da ya matsa, shi ya sa ake sa masa wani abu mai kama da lagireto a gaban mota, wanda ake kira intakula, don ya sanyaya ta kafin ta shiga inji. A Tamale da Bolga zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, a Akra kuma cunkoson Kaneshie ko Circle ya isa ya dafa komai. A irin wannan ƙasa, babbar intakula mai kyau ta fi babban turbo amfani nesa ba kusa ba. Haka nan a tabbatar lagireto da fanka da famfon ruwa lafiyarsu lau, a sa ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan famfo, kuma kada a yarda a cire tamostat kamar yadda wasu makanikai suka saba.

Game da matatar iska, samari na son mai siffar mazurari, wadda ake barinta a buɗe cikin bonet saboda ƙarar da take yi. Irin wannan iskar zafin inji take zuƙa, wato ƙarfi raguwa yake yi. Waɗanda aka yi da auduga ana shafa musu mai kuwa, suna barin ƙura mai laushi ta wuce fiye da matatar takarda, kuma idan man ya yi yawa yana ɓata sensar awon iska. Ku tuna da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da jan turɓayar hanyoyin unguwanninmu. Ƙura a cikin silinda tamkar sanfefa ce. Akwatin matata na asali da matatar takarda mai kyau, a riƙa canzawa a kan kari, ya wadatar da mafi yawan motoci.

Salansa da sauran kaya

A inji mai turbo, faɗaɗa bututun da ke fitowa daga bayan turbo yana ƙara ƙarfi, amma sai an sake saiti a kansa. Tukunyar baya kuwa ƙara kawai take canzawa. Akwai kuma al'adar fasa katalis a sayar da abin da ke ciki, saboda yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Wannan yana kunna fitilar gargaɗi, yana rikita lissafin mai a wasu motoci, kuma hayaƙin da ke fita 'ya'yanmu da iyayenmu ne ke shaƙarsa a lungunan zango.

Idan ƙarfi ya ƙaru sosai, famfon mai da injekta na asali kan gaza. Ƙa'idar masu saiti ita ce kada injekta ta wuce kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na iyawarta, domin idan mai ya yi ƙaranci a tsakiyar gudu, cikin daƙiƙu fistin ke narkewa. Mai giyar hannu kuma ya sa kuɗin sabon kuloci a lissafinsa tun farko.

Wa zai yi saitin?

Na'ura mafi tsada ba ta fi hannun da ya saita ta ba. Kafin a zaɓi kamfani, a fara neman wanda ya iya aiki da kayansu. A tambaye shi ko yana da sensar awon iska da mai mai faɗin zango, irin Bosch LSU 4.9, ko yana ɗaukar rahoton inji a kwamfuta yayin gwaji, ko kuma zai ajiye maka lissafin motarka na asali. Wanda ya ce shi da kunne yake saiti, a yi masa godiya a wuce. Idan akwai daino, wato na'urar da ake ɗora mota a kai a auna ƙarfinta tana tsaye, ita ce ta fi. Ana kuma iya ɗaukar rahoton a aika wa gwani a waje ta intanet ya gyara ya dawo da shi, da sharaɗin a gaya masa gaskiyar lambar manmu da zafin garinmu.

Kafin duk wannan, a binciki lafiyar injin kansa. Motoci da yawa da ke shigowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. A duba tarihin motar da lambar shasi, a auna matsin kowace silinda, a duba ko tana cin baƙin mai ko ruwa. Ƙara wa gajiyayyen inji ƙarfi kamar ɗora wa jaki mai ciwon baya ƙarin buhu ne.

Birki, taya da takardu

Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba ya tafiya kai ɗaya da gudu. Wanda ya tashi daga kilomita 100 zuwa 140 a awa, nisan tsayawarsa ya kusan ninkawa biyu. Saboda haka birki da taya su ne ke gaba da inji a layin kashe kuɗi. A sa fatar birki mai kyau, a canza man birki zuwa DOT 4, wanda ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, alhali DOT 3 yana tsayawa a 205. A duba shekarar taya a jikinta, lambobi huɗu ne da ke nuna mako da shekara, domin tayar hom-yus mai zane mai kyau tana iya zama tsohuwa ƙwarai.

Dokar hanya ta 2012 ta sa iyakar gudu kilomita 50 a cikin gari, 90 a manyan hanyoyi, 100 a kan Motowe ta Akra zuwa Tema. Daga 2021 zuwa 2024 babu shekarar da haɗarin mota bai ci rayuka sama da 2,000 a ƙasar nan ba, kuma babu zangon da bai yi jana'izar irin wannan ba. Wanda ya canza inji ya je ofishin DVLA a gyara takardunsa, ya kuma sanar da kamfanin inshora duk wani babban canji, don kada a ƙi biyansa ranar da bukata ta taso.

A taƙaice ga yadda muke ganin ya dace a jera abin: gyaran inji da hanyar ruwa, sai birki da taya, sai intakula, sannan saitin kontrol bod daidai da man da ake samu, daga ƙarshe salansa da sauran ƙarafa idan akwai rara. Wanda kuɗinsa bai kai ga na farko da na biyu ba, ya dakata da na huɗu, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Muna kuma kira ga iyaye da masu aiko da motoci daga waje su riƙa tambayar abin da aka sa wa motar, kuma ga makanikanmu na Magazin da Abossey Okai su tura yaransu koyon aikin kwamfuta, domin nan sana'ar ta dosa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.